Voisin: Maƙerin Jiragen Sama da Ya Sauko Kan Titi

Ranar 2 ga Yulin 1923, jama'ar da suka yi cincirindo a bakin hanya a wajen garin Tours na ƙasar Faransa sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Ana shirin fara babban tseren motoci na ƙasar, sai ga wasu motoci huɗu sun shigo layi, ba su yi kama da komai da ido ya saba gani ba. Gabansu ya kwanta ƙasa kamar bakin gatari, bayansu a tsuke, tayoyin baya sun matso juna har sun shige cikin jiki, cikinsu kuma a shafe yake sumul. A kan hancin kowacce an kafa 'yar farfela kamar filfilon yara. Ba don ado aka sa ta ba: iskar gudu ce ke juya ta, ita kuma ta juya famfon da ke zagayawa da ruwa cikin inji. Mai motocin ya raɗa musu suna Laboratoire, wato ɗakin gwaji, don kada wani ya ce an ɓoye masa abin da ake yi.

Ba su ci tseren ba. Baturen Ingila Henry Segrave ne ya zo na ɗaya da motar Sunbeam, bayan kusan kilomita 800. Uku daga cikin motocin Laboratoire huɗun sun lalace a hanya. Ta huɗun ta lallaɓa ta zo ta biyar, kuma ita ce ta ƙarshe a cikin waɗanda suka kai. Wanda ya tuƙa ta wani matashin injiniya ne da bai cika shekara 30 ba, André Lefèbvre. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da ya fi farfelar muhimmanci yana ɓoye ne a cikin jikin motar. A wancan zamani shasi daban ake ƙerawa, wasu dogayen ƙarafa biyu masu nauyi, sannan a ɗora bodi a kai kamar yadda ake ɗora sirdi a kan doki. Laboratoire kuwa bodinta ne ƙashin bayanta, an yi shi da katako da fallen alminiyam kamar gangar jikin jirgin sama. Kuma ba abin mamaki ba ne, domin sunan kamfanin da ya ƙera ta Avions Voisin, ma'ana Jiragen Saman Voisin. Shekara ashirin kamfanin yana sayar da motoci, bai taɓa goge kalmar jiragen sama daga tambarinsa ba.

An haifi Gabriel Voisin ranar 5 ga Fabrairun 1880 a Belleville, a gaɓar kogin Saône, arewa da birnin Lyon. Ƙanensa Charles ya biyo baya a 1882. Mahaifinsu ya watsar da gida tun suna ƙanana, sai kakansu na wajen uwa ya riƙe su, shi ne kuma ya sakar musu kayan aiki suka yi ta ƙere-ƙere: kwale-kwale, bindiga, da irin jirgin zaren nan na yadi da sanduna da ake sakar wa iska. Gabriel ya yi karatun zane a Lyon, ya tafi Paris ya kama aiki a ofishin wani mai zanen gine-gine. A babban baje kolin duniya na 1900 ya ci karo da wata na'ura mai fikafikai irin na jemage, wadda Clément Ader ya ƙera ya kira ta Avion. Daga ranar nan gine-gine suka fita ransa.

Attajirin lauya Ernest Archdeacon, wanda ke zuba kuɗinsa a harkar tashi sama, shi ya fara ɗaukarsa aiki a wannan fanni. A 1904 Voisin yana ta faɗowa daga tuddan yashi na Berck a cikin jirgi marar inji. A watan Yunin 1905 aka ɗaura wa wani irinsa abin yawo a ruwa, jirgin ruwa mai inji ya ja shi a kan kogin Seine har ya ɗaga sama. Da aka gwada na biyu, wanda ya yi wa Louis Blériot, sai fiffike ɗaya ya tsoma cikin ruwa, jirgin ya kife da shi a ciki, da ƙyar ya fito da rai. Ya yi haɗin gwiwa da Blériot na ɗan lokaci, abin bai yi daɗi ba, kowa ya kama gabansa. A ƙarshen 1906 shi da Charles suka buɗe shagonsu a Billancourt, a gefen Paris. Wannan shago shi ake lissafawa a matsayin masana'anta ta farko a duniya da ke ƙera jirgin sama don sayarwa, a lokacin da waɗanda suka taɓa tashi da inji ba su cika yatsun hannu ba.

Ranar da ta fito da su ita ce 13 ga Janairun 1908. A filin atisayen soja na Issy-les-Moulineaux, a gaban alƙalan ƙungiyar masu sha'awar tashi sama ta Faransa, Henry Farman ya ɗaga a cikin jirgin Voisin mai inji Antoinette na ƙarfin doki 50, ya yi kilomita ɗaya, ya kewayo ya dawo inda ya tashi, cikin minti ɗaya da daƙiƙa 28. Ya karɓi kyautar faran 50,000. Jaridu suka cika da sunan Farman, har jirgin ma da sunansa ake kira, tunda al'adar 'yan'uwan ce su rubuta sunan mai saye a jikin wutsiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya ma sun ɓata, saboda Voisin ya sayar wa wani Baturen Ingila, Moore-Brabazon, jirgin da Farman ya sa a yi masa. Farman ya fusata ya buɗe tasa masana'antar.

Gaskiya ɗaya ce: jirgin Voisin na wancan lokaci jirgin zare ne babba da aka sa wa inji. Ba shi da abin da zai karkatar da shi gefe, sai dai ya yi kwana a shimfiɗe, a hankali, kamar amalanke. Da Wilbur Wright ya zo daga Amurka ya tashi a kusa da Le Mans a watan Agustan 1908, yana karkata yana juyi yadda ya ga dama, Faransawa da yawa sun sallama. Voisin bai sallama ba. Har ya tsufa yana jayayya da cewa 'yan gidan Wright ne suka riga kowa tashi da inji. A nan dai bai yi adalci ba, kuma wannan taurin kai nasa za mu ga amfaninsa da illarsa a gaba. Amma jirgin nasa yana da kirki ɗaya: ba ya saurin kashe ɗan koyo. Da shi Raymonde de Laroche ta koya, ta zama mace ta farko a duniya da ta sami lasisin tuƙin jirgin sama a watan Maris na 1910. A cikin watan nan kuma shahararren mai dabo Harry Houdini ya tashi da nasa a Ostireliya.

A watan Satumbar 1912 Charles ya rasu. Mutumin da ya sha tashi sama da sanduna da yadi bai mutu a jirgi ba, haɗarin mota ne ya yi ajalinsa, kusa da garin da aka haifi yayansa. De Laroche tana cikin motar, ta ji munanan raunuka.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da shagon babbar masana'anta. Jiragen Voisin da bututun ƙarfe ake haɗa su maimakon zallar katako, don haka suna jure ruwa da rana a filin daga. Farfelarsu a baya take, tana tura jirgin, wanda ke zaune a gaba ba abin da ya tare masa gani. Ranar 5 ga Oktoban 1914, Saje Joseph Frantz da bakanikensa Louis Quénault suka harbo wani jirgin Jamus samfurin Aviatik kusa da Reims. Shi ne karo na farko da aka tabbatar jirgi ya kakkaɓo jirgi da harbi. A watan Mayun 1915 jiragen Voisin 18 suka je suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antar sinadarai ta Ludwigshafen a cikin Jamus. Da jiragen abokan gaba suka fi su sauri, sai aka mayar da su aikin dare. Kafin a ajiye makamai an ƙera kimanin 10,000.

Sai aka wayi gari a Nuwamban 1918 babu mai saye. Voisin ya riƙa cewa ganin abin da aka yi da jiragensa ne ya sa ya juya wa sama baya. Ban ƙaryata shi ba, amma akwai wani dalili da ba ya buƙatar a tona zuciyar kowa: gwamnati ta soke oda, filaye sun cika da rarar jirage da ake sayarwa a arhar banza, ga ma'aikata, ga injuna, ga kuɗi a hannu. Ba shi kaɗai ba ne. Gidan Farman sun koma ƙera motocin alfarma a 1919. Hispano-Suiza, wadda injinta ya ɗauki jiragen yaƙin SPAD, ta fito da H6 a shekarar. A Jamus, da yarjejeniyar Versailles ta hana su harkar jiragen yaƙi, Maybach mai yi wa jiragen Zeppelin inji ya koma mota. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Voisin ya fara gwada gidajen da ake haɗawa a masana'anta a kai su fili a kafa, abin bai karɓu ba, sannan ya waiwayi mota.

Motarsa ta farko ba shi ya zana ta ba. Wasu injiniyoyi biyu da suka fito daga kamfanin Panhard, Artaud da Dufresne, suna da zanen babbar mota mai inji kusan lita 4, sun kai wa André Citroën. Shi kuwa Citroën hankalinsa na kan abin da Henry Ford ke yi a Amurka, ƙaramar mota mai araha da za a buga dubbai. Zanen ya faɗo hannun Voisin, a 1919 aka fara ƙera ta a Issy-les-Moulineaux, unguwar da Farman ya yi kilomitarsa. Ita ce aka sani da C1.

Injin da ya zo da zanen nan shi ya zama alamar gidan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Inji na yau da kullum yana da bawul, wasu ƙarafa masu kai kamar na babbar ƙusa, da ake dannawa su buɗe, sifirin ya mayar da su su rufe. A motocin farkon ƙarni na 20 waɗannan bawul ƙara gare su kamar ana sara a maƙera, kuma kullum sai an kwance an goge su. Wani Ba'amurke, Charles Knight, ya fito da dabarar da ta kore su gaba ɗaya. Tsakanin fistin da bangon silinda sai ya zura bututun ƙarfe biyu marasa kauri, ɗaya a cikin ɗaya, kowanne da 'yan tagogi a jikinsa, suna zamewa sama da ƙasa. In tagogin suka haɗu ta wannan gefe, mai da iska su shiga. In suka haɗu ta wancan, hayaƙi ya fita. Ba bugu, ba ƙara. Daimler ta Ingila, Minerva ta Beljiyam da Panhard duk sun ɗauka. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bututun nan ba sa zamewa sai da baƙin mai a tsakaninsu, wani kuma dole ya ƙone. Saboda haka mota mai tsadar gaske za ta wuce ka shiru kamar inuwa, ta bar maka shuɗin hayaƙi a baya. Bakaniken yau da ya ga salansa na fitar da irin wannan zai ce ringi ya tafi, a sauke inji. A Voisin lafiyarta ke nan. Sauran kamfanoni sun yi ta watsar da tsarin Knight da bawul suka gyaru, Voisin ya riƙe shi kusan har ƙarshe.

Manya suka yi ca a kanta. Fadar shugaban ƙasar Faransa a zamanin Alexandre Millerand ta yi amfani da Voisin. Tauraron finafinan Amurka Rudolph Valentino ya saya, haka mawaƙi Maurice Chevalier da Josephine Baker. A 1922, a tseren motocin hawa na Strasbourg, Voisin suka kwashe na ɗaya, na biyu, na uku da na biyar, Henri Rougier a gaba. Akwai abin dariya a nan. Dokar tseren ta ƙayyade faɗin da bodi zai kai, don kada a shigo da siraran motocin tsere a ce na hawa ne. Voisin ya yi siririn bodinsa yadda yake so, sannan ya manna masa kumburi a kowane gefe daidai inda za a sa ma'auni. Alƙalai suka auna, faɗi ya cika.

Inda ya bambanta da kowa shi ne fahimtarsa game da alfarma. A wancan zamani attajiri shasi da inji kawai yake saye, sai ya kai wa masu ƙera bodi, waɗanda yawancinsu jikokin masu yin keken doki ne. Su kuma su lafta katako mai kauri, fata, tagulla, kujeru kamar na fada. Mota in ba ta yi nauyi ba, ba ta cika ta mai kuɗi ba. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana ƙirga kowane kilo don inji mai doki 50 ya iya ɗaga shi daga ƙasa ba zai iya kallon wannan ya yi shiru ba. A wurinsa nauyi abokin gaba ne. Ya shiga yin bodinsa da kansa, tare da abokinsa tun na makaranta, mai zanen gine-gine André Noël, wanda ake kira Noël-Noël. Suka yi amfani da alminiyam a lokacin da yawanci ke ganinsa ƙarfen tukunya. Suka tattara nauyi a tsakanin tayoyin gaba da na baya, har akwatunan kaya ma a gefe da gefe suke sa su maimakon a rataya a baya, don kada mota ta riƙa wutsiya a kwana.

Bodin da ya fi suna a tsakiyar shekarun 1920 shi ne Lumineuse, wato mai haske. Gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, ginshiƙan rufi sirara, gilashi ko'ina, wanda ke ciki yana ganin duniya ta kowace fuska. Gaban direba cike da agoguna da maɓallai, kowanne da aikinsa a fili, kamar gaban matuƙin jirgi. Kujeru da bangon ciki kuwa an lulluɓe su da yadi mai zane-zanen kusurwa da launuka masu ɗaukar ido. Wasu na ganinta su ce akwati ne da tayoyi. Ni dai in na dubi hotunanta a gefen sauran motocin shekarun, sai in ga kamar ita kaɗai ce ta san an shiga sabon ƙarni.

Ko tsuntsun da ke kan lagiretonta da gatse aka yi shi. Voisin ba ya son irin gumakan adon nan da ake kafawa a hancin mota, amma masu saye suka nace, wasu ma suna zuwa su kafa nasu. Sai ya sa aka yanko 'yan fallayen alminiyam, aka haɗa da ƙusoshin rifit, aka yi wani tsuntsu mai miƙaƙƙun fikafikai sama. A masana'anta cocotte suke ce masa, 'yar kaza. Abin da aka yi don a rufe bakin mutane shi ne yau masu tara kayan tarihi ke rububi.

Cikin masu hawa Voisin akwai wanda tunaninsu ya zo ɗaya, mai zanen gine-gine Le Corbusier. In an gama masa sabon gida, yakan ajiye motarsa a ƙofa kafin a ɗauki hoto, don a ga gidan da motar 'yan zamani ɗaya ne. A baje kolin fasahar ado na Paris a 1925 ya nuna wani tsari na rushe wani babban yanki na tsakiyar birnin, arewa da kogin Seine, a kafa dogayen benaye 18 masu hawa 60, da manyan tituna a tsakaninsu. Ya nemi masu kamfanonin mota su ɗauki nauyi; Peugeot da Citroën suka kauce, Voisin ya amsa. Shi ya sa har gobe ake kiran abin Plan Voisin. Allah ya taimaki Paris ba a aiwatar ba. Amma abin ya nuna irin mutumin: in dabara ta yi masa daidai a lissafi, ba ya tambayar ko mutane za su so.

Bayan abin da ya faru a Tours ya gane cewa tseren gaba-da-gaba na masu manyan injuna ne, sai ya koma kafa tarihin gudu da juriya a zagayen Montlhéry, kudu da Paris. A 1927 wata Voisin mai silinda 8, César Marchand na cikin matuƙanta, ta yi sama da kilomita 206 cikin awa ɗaya, daga baya ta yi awa 24 tana gudun da ya haura kilomita 182 a kowace awa in an raba. A 1930 wata mai silinda 12 ta yi kwanaki tana zagaye har ta cika kilomita 50,000. A kasuwa kuma masu silinda 6, C11 da C14, su ne suka fi tafiya, su suka riƙe gidan.

Sai kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a 1929, guguwar ta iso Turai. Voisin ya shiga wata yarjejeniya da kamfanin Imperia na Beljiyam, wadda ta ƙare da ikon kamfaninsa ya suɓuce masa na 'yan shekaru. A daidai lokacin da masu kuɗi ke ɓoye kuɗinsu ya fito da manyan motoci masu silinda 12, irin su C20 mai zama dab da ƙasa, waɗanda kyansu ba magana amma 'yan ƙalilan aka sayar. Ana bikin duniya ana na ƙiyama: Farman sun daina mota a 1931, Delage ta faɗa hannun Delahaye a 1935. A 1931 ɗin ne André Lefèbvre, wanda ke tare da Voisin tun 1916, ya ga babu albashi a gaba, ya koma Renault. Bai ji daɗin wurin ba. A 1933 Voisin da kansa ya yi masa hanya wurin André Citroën.

Dubi yadda abin ya zagayo. A 1919 zanen mota ya bar hannun Citroën ya zo wa Voisin. Bayan shekara 14 Voisin ya aika wa Citroën mutum. Kuma Citroën ne ya fi cin riba, domin cikin kusan shekara guda Lefèbvre ya fito da Traction Avant: tayoyin gaba ke ja, tana zaune ƙasa-ƙasa, bodinta ne ƙashin bayanta, ba shasi daban. Darasin Laboratoire ke nan, an mayar da shi ƙarfe, an buga dubbai.

A baje kolin motoci na Paris na Oktoban 1934 malam da ɗalibi suka haɗu a zaure ɗaya. Voisin, wanda ya ƙwato kamfaninsa, ya kawo C25 Aérodyne. Rufinta ya gangaro tun daga gilashin gaba har bamban baya a lanƙwashe kamar bayan fiffike. Wasu sanduna biyu masu sheƙi sun taso daga lagireto sun riƙe madigadin gaba, irin yadda ake ɗaure fikafikan jiragen da. Rufin gaba ɗayansa yana zamewa baya a kan dogo, wani ɗan inji mai aiki da zuƙar iska da ke cikin but ne ke jan sa. An huda masa 'yan tagogi, ta yadda in ya zame ya sauka, ɗaya za ta zo daidai inda direba zai ci gaba da ganin bayansa. Kuɗinta faran 88,000, ta fi Bugatti 57 tsada, alhali injinta lita 3 ne mai silinda 6, tsohon tsarin Knight, ba ya kamo ƙafar Bugatti a gudu. Da wannan kuɗi mutum zai sayi Traction Avant kusan biyar. C25 guda 28 kacal aka ƙera, masu bodin Aérodyne a cikinsu ba su kai goma ba.

Wanda ya kalli fim ɗin Sahara na 2005, wanda labarinsa ya bi ta Legas ya hau Kogin Kwara zuwa Mali, zai iya tuna tsohuwar motar shugaban mulkin sojan da jaruman suka sace suka tsere da ita cikin hamada. Kwaikwayon Voisin ce ta wancan zamani, an ƙera ta musamman don fim ɗin.

Abin da ya biyo baya gajere ne. C28 Aérosport ta 1935 ta haɗe madigadi da jiki suka zama abu ɗaya, siffar da sauran kamfanoni ba su kama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1936 ya jera injuna biyu masu silinda 6 a layi ɗaya, tsawon ya yi yawa har ƙarshen injin ya kutso cikin ɗakin direba. Ya ce hakan ya fi, nauyi ya matso tsakiya. Ba ta wuce gwaji ba. Kuɗi suka ƙare, wasu suka karɓi ragama, motar ƙarshe mai sunansa, C30, da injin Graham na Amurka aka sayar da ita. Masana'antar Issy ta koma hannun Gnome et Rhône masu injin jirgin sama, su ma gwamnati ta ƙwace su a 1945 ta kafa SNECMA. Duka-duka motocin da aka ƙera daga 1919 zuwa 1939 kimanin 11,000 ne, kusan adadin jiragen da ya yi cikin shekara huɗu na yaƙi. Kaɗan ne suka tsira, kuma alminiyam ɗin da ya yi alfahari da shi na cikin dalili: a lokacin yaƙi da bayansa tsohuwar Voisin ta fi daraja a wurin masu narka ƙarfe.

Lefèbvre ya ci gaba a Citroën. Shi ne ƙashin bayan 2CV ta 1948, motar manoma mai nauyin kusan kilo 500, da DS ta 1955. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan Voisin ba sun hau tunaninsa ba su sani ba.

Shi ma tsoho Voisin bai ajiye fensir ba. Yana da shekara 70, a 1950, ya nuna wata 'yar mitsitsiyar mota a Paris mai suna Biscooter. Faransawa ba su ɗauka ba, amma wani kamfani a Barcelona, Autonacional, ya sayi izini. Sifaniya a lokacin tana cikin talauci da wariya a ƙarƙashin Franco, mota sai wane da wane. Daga 1953 zuwa 1960 aka ƙera kimanin 12,000 da sunan Biscúter. Injinta na babur ne, silinda ɗaya, cc 197, doki 9, yana jan tayar gaba guda ɗaya. Ba ƙofa, ba tagogin gefe, na farkon ma ba su da ribas: in kana son komawa baya sai ka sauko ka tura, ba ta da nauyin da za ta gagare ka. Mutane suka sa mata suna zapatilla, wato silifas, har muninta ya zama abin misali a bakinsu. Mutumin da ya yi wa shugaban ƙasa da taurarin fim mota ya ƙare da yi wa akawu da mai shago, kuma wannan 'yar silifas ta fi duk motocin alfarmarsa yawa in an haɗa su. Ba na jin ya ɗauki hakan faɗuwa. Ƙa'idar ɗaya ce tun daga tuddan Berck: a cire duk abin da ba ya aiki.

A 2002 wata Voisin ta ci babbar kyautar gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, a 2011 kuma Aérodyne ta Peter da Merle Mullin ta sake ci, motar da a 1934 aka rasa masu saye.

Voisin bai ga wannan ba. Wajen 1960 ya tattara ya koma karkara kusa da Tournus, a gaɓar Saône, cikin ƙaramin hali, ya rubuta tarihin rayuwarsa, inda ya kira jiragensa dubu goma da sunan jiragen zare. Yana raye jirgin Concorde ya fara tashi a 1969, da injunan da Rolls-Royce ta yi tare da SNECMA, kamfanin da ya haɗiye masana'antarsa. Ya rasu ranar 25 ga Disamban 1973 a ƙauyen Ozenay, yana da shekara 93.